Burodin Irland a cikin injin burodi: yadda muka ɓata fulawa kafin mu gane kansa

Fatakenmu da ke shiga Najeriya sun san cewa a kasuwannin Kano da Jos idan an ce "Airish" to dankalin turawa ake nufi. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kalmar nan sunan mutanen wata ƙasa ce, wato Irland, tsibirin da ke yamma da Ingila, wanda babban birninsa shi ne Dublin. Mutanen jihar Tawa wataƙila sun ji sunan ƙasar ta wata hanya, don ƙungiyar agaji ta Concern da ta fara aiki a wajensu a 2003 daga can ta fito, haka ma GOAL wadda ta zo jihar Damagaram a lokacin yunwar 2005. To yau maganar burodinsu ce ta kawo mu, burodin da ake yi da abu huɗu kacal: fulawa, gishiri, nono mai tsami da farin garin nan da ake kira bikarbonat. Ba yis, ba sukari, ba mai, ba kuma zaman jiran kumbura.

Dalilin wannan rubutu shi ne wata ƴar uwarmu mai sayar da kayan girki na gwanjo. A cikin kayan da ta kwance sai ta ci karo da wani inji mai kama da ƙaramin akwati, da murfi a sama, da ɗan bokitin ƙarfe a ciki. Ya yi watanni a shago ba wanda ya taya, saboda ba wanda ya san aikinsa. Da muka duba ɗan littafin da ya zo tare da shi sai muka ga injin burodi ne, kuma a cikin ire-iren burodin da aka lissafa har da na Irland. Ta ce mana: "Malam, in dai da nono da fulawa ne kawai, ai sai mu gwada, ko na samu abin gaya ma mai saye." Muka gwada, kuma abin da ya faru shi ne za mu ba ku labari, domin wanda ya ci karo da irin wannan inji kada ya yi asarar da muka yi.

Amma kafin nan ya kamata a san asalin burodin, don a cikin asalinsa ne amsar take.

Irland ƙasa ce ta ruwan sama da ciyawa. Shanu na jin daɗinta, har a ƙarni na 19 ana lissafa kasuwar man shanu ta birnin Cork a matsayin wadda ta fi kowace girma a duniya. Duk gidan da ake kaɗa nono a fitar da mai kuwa, dole a bar shi da ragowar nono mai tsami, irin wanda muke ce ma tsala. Wannan shi ne abu na farko. Na biyu, alkamar da ke fita a ƙasar sanyi da laima irin tasu ba ta da danƙo sosai, don haka idan aka sa mata yis ba ta tashi da kyau kamar alkamar Kanada ko ta Amurka. Na uku, talakan ƙauye ba shi da tanderu a gida. Abin da yake da shi shi ne murhu a buɗe, da tukunyar ƙarfe mai murfi, da wata baƙar ƙasar fadama da suke yankowa su shanya su ƙona a madadin itace, kusan yadda ake yi da busasshen kashin shanu a wasu ƙauyukanmu.

Ana cikin haka sai bikarbonat ya shigo ƙasar a shekarun 1830, mai araha, ba ya lalacewa a ajiye, ba ya kuma buƙatar alkama mai danƙo. Ba a daɗe ba sai masifa ta faɗo. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankali, wanda shi ne abincin talaka safe da yamma. A cikin mutane sama da miliyan 8, wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar, akasari zuwa Amurka. Bayan wannan yunwa ne mutane suka rage dogaro da dankali, burodin bikarbonat ya zama abincin kullum a gidajen ƙauye. Uwargida ta kan kwaɓa shi da safe cikin ƴan mintoci, ta sa a tukunya, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin, ta tafi wani aiki. Ke nan burodi ne na mace mai aiki da yawa, wadda ba ta da lokaci kuma ba ta da kuɗin yis.

Yadda yake tashi ba baƙon abu ba ne ga duk mai tuyar masa. Kowace mai masa ta san abin da ke faruwa idan ƙullu ya yi tsami ta zuba masa ruwan kanwa: nan take sai ya yi kumfa ya taso, tsamin kuma ya ragu. To haka bikarbonat yake yi da tsamin nono. Da sun haɗu sai iska ta fito, iskar ce ke shiga cikin kwaɓin ta ɗaga shi. Bambancinsa da yis shi ne, yis abu ne mai rai, yana cin zaƙin da ke cikin fulawa yana fitar da iska a hankali har tsawon awoyi, shi ya sa masu gidan burodi ke kwana suna jira. Shi kuwa bikarbonat lokaci ɗaya yake ba da abin da yake da shi. Idan aka bar kwaɓin ya zauna, iskar ta tsere, ba ta dawowa. Haka nan idan aka murza kwaɓin da ƙarfi, danƙon fulawa ya tashi ya ɗaure, ƴar iskar nan ba ta da ƙarfin ɗaga shi, sai burodi ya fito da tauri. Shi ya sa a Irland ake koya ma yara mata su juya kwaɓin da yatsu a buɗe kamar ƙafar kaza, da zarar ya haɗu su cire hannu.

A nan dole mu tsaya mu yi gargaɗi, kuma muna roƙon masu shaguna su saurara. Turawa na kiran bikarbonat da sunan soda, a wasu kwalaye ma haka aka rubuta. A wajenmu kuwa idan an ce soda, hankalin kowa na tafiya ga sodar da mata ke yin sabulu da ita. Waccan guba ce mai ƙona baki da maƙogwaro, yara da dama a Afirka ta Yamma sun nakasa saboda sun sha ruwanta bisa kuskure. Ba ta da wata alaƙa da abinci, ko ƙwaya ɗaya ba a sa ta a burodi. Wanda ake nufi a nan shi ne bikarbonat na abinci, fari, mai laushi kamar gari, wanda ake samu a farmasi da manyan kantuna. Duk mai sayar da su biyun ya raba masu wuri, ya rubuta suna a jikin kowane mazubi, kuma idan yaro ya zo aike ya ce a ba shi soda, a tambaye shi ta mece ce.

Ita kanwa fa? Tambayar da ƴar uwarmu ta fara yi ke nan, tun da ga ta nan a kasuwa da araha, ta Manga da ta Dallol. Gaskiya ne dangi ɗaya suke da bikarbonat, akwai shi ma a cikinta. Sai dai kanwa a haɗe take da gishiri da ƙasa da wani sinadari da ya fi bikarbonat kaifi, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba. Mai masa na iya ɗanɗana ƙullunta ta ƙara ko ta rage, amma mai burodi sau ɗaya take awo, sai bayan an gasa za ta ga sakamako. Don haka ba mu ba da shawarar kanwa a nan. Haka kuma kada a rikita bikarbonat da hodar kek da ake sayarwa a ƴan ƙananan takardu. Ita hodar kek da tsaminta a ciki take zuwa, kuma bikarbonat ya fi ta ƙarfi wajen sau uku.

Yanzu sai mu koma ga injin. A ƙasar Japan aka fara fitar da shi a tsakiyar shekarun 1980, daga kamfanin Matsushita, mai kayan Panasonic. An ba da labarin cewa injin farko da suka ƙera ba ya fitar da burodi mai kyau, har sai da wata ma'aikaciyarsu mai suna Ikuko Tanaka ta je wani babban otal a birnin Osaka ta zauna tare da shugaban masu burodi, ta lura da yadda yake murɗa kwaɓi yana jan shi, sa'an nan aka koya ma inji wannan murzar. Wato duk fasahar da ke cikin akwatin nan ta murza ce da jira. A gindin bokitin akwai ƴar muciyar ƙarfe mai juyawa, a kewaye kuma akwai ƙarfen da ke yin zafi. Idan aka danna tsarin farko, wanda shi ne na burodin yis, inji zai murza kwaɓi wajen minti 20 zuwa 30, ya bar shi ya tashi, ya sake buge shi, ya sake barin shi, sa'an nan ya gasa. Duka-duka awa 3 zuwa 4.

Mai karatu ya riga ya ga inda matsala take. Abu biyu da burodin Irland ya ƙi jini, murza da jira, su ne abu biyu da aka ƙera injin domin su.

Mu dai ba mu yi wannan tunani ba a ranar farko. Muka zuba nono, muka zuba fulawa rabin kilo, gishiri da bikarbonat, muka danna lamba ɗaya muka koma inuwa muna shan shayi. Bayan awa uku da wani abu inji ya yi ƙara, muka buɗe. Abin da muka tarar bai fi rabin bokiti ba, launinsa rawaya-rawaya, nauyinsa kamar tubali. Wuƙa da ƙyar ta shiga. Ƴar uwarmu ta ɗanɗana ta ce ko awaki sai an jiƙa masu. Muka ɗora laifi a kan nono, muka sayo wani, muka ƙara bikarbonat har cokali biyu don mu taimaka masa ya tashi. Na biyu ya fi na farko muni, ga tauri ga ɗanɗanon sabulu. Kilo guda na fulawa ya tafi ke nan, a lokacin da kowa ya san yadda tsadar alkama ta kasance tun daga yaƙin Rasha da Ukraine a 2022.

Da muka koma ga ɗan littafin muka karanta da kyau, sai muka ga wani abin mamaki. Burodin da suka sa ma sunan Irland a ciki har da yis, da sukari, da man shanu, da ƙwai, da busasshen inabi. Wannan shi ne irin wanda jikokin ƴan Irland da ke Amurka suke yi, musamman ranar 17 ga Maris da suke bikin waliyyin ƙasarsu Patrick. Masu injin kuma suka ƙara masa yis don ya dace da tsarin injinsu. Yana da daɗi, ba mu ce ba, amma burodin yis ne mai zaƙi aka laƙa masa suna. A Irland kanta idan aka sa inabi suna ma sauya wa burodin suna, kuma a da sai ranar wata hidima ake yin sa. Wanda ke son wancan sai ya bi littafin. Wanda ke son na asali, mai abu huɗu, ga yadda muka same shi bayan gwaji na uku da na huɗu.

Awon da aka sani a Irland shi ne: fulawa giram 450, wato rabin kilo a rage ɗan kaɗan, gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, bikarbonat ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba a tsiri ba, nono mai tsami mililita 350 zuwa 400. Wadda ba ta da ma'auni ta ɗauki gwangwanin lemo na santilita 33, cikinsa ɗaya da ƴar ɗoriya. A tankaɗe fulawa tare da gishiri da bikarbonat, don idan bikarbonat ya dunƙule zai bar ɗigo-ɗigo masu ɗaci a cikin burodi. Idan ana shakkar ko ya tsufa, a zuba ɗan kaɗan cikin ruwan lemun tsami: mai kyau zai yi kumfa nan take.

Maganar nono tana da muhimmanci. A wannan fanni mun fi Turawan yau sa'a, don akasarin abin da suke saye a kanti madara ce aka sa ma tsami a masana'anta, alhali mu nonon da Fulani suka kaɗa suka cire mai, wanda shi ne ainihin abin da tsofaffin matan Irland suka yi aiki da shi, yana nan a ƙwarya kowace safiya. Sai dai a nemi wanda ba a cika shi da ruwa ba, domin tsamin ake so, ruwa kuwa rage shi yake yi. Idan kindirmo ne mai kauri a ɗan sirka shi. Idan ba nono, a dama madarar gari, a matsa babban cokali ɗaya na lemun tsami a kowane rubu'in lita, a bar shi minti 10 ya tsinke. Madara marar tsami ita kaɗai ba za ta tayar da komai ba.

A cikin injin hanya biyu ce. Ta farko ita ce a nemi tsarin kek, inda aka rubuta Gâteau ko Cake, a wasu injuna kuma Quick Bread. Wannan tsari juyawa yake yi na ƴan mintoci ya shiga gashi kai tsaye, ba jira. A kula, akwai wani tsari da ake rubuta wa Rapide ko Express: shi na burodin yis ne na gaggawa, murza yake yi da ƙarfi, bai dace ba. Idan an sami tsarin kek, a fara zuba nono a bokiti, sa'an nan garin a kai, a danna. Kada a tafi. A tsaya da cokalin roba ko na itace ana turo garin da ya maƙale a kusurwa, tun da muciyar ba ta kai wa can. Kwaɓin da ake so mai laushi ne, mai ɗan maƙewa a hannu, ya fi na fanke tauri amma bai kai na taliya ba. Idan ya bushe a ƙara nono cokali ɗaya, idan ya yi ruwa a barbaɗa gari.

Hanya ta biyu ita ce muka fi so, ita ce kuma ta ba mu burodin da ya fi kyau. A bar injin gefe, a kwaɓa a cikin kwano da hannu: a yi rami a tsakiyar garin, a zuba nono, a juya da yatsu har ya haɗu, abin da bai kai minti ɗaya ba. A cire muciyar daga bokiti, a shafa ɗan mai, a sa kwaɓin a daidaita samansa, a danna tsarin gashi kaɗai, inda aka rubuta Cuisson ko Bake. Minti 50 zuwa awa ɗaya ya isa a yawancin injuna. Dalilin da ya sa muka fi son wannan shi ne, ko tsarin kek ɗin a wasu injuna yana juyawa fiye da kima, kuma cire muciya na hana ramin nan da take bari a gindin burodi. Ƴar uwarmu ta ce, to in haka ne injin ya zama tanderu kawai ke nan. Haka ne, ba mu da abin musu.

Kowace hanya aka bi, kafin gashi ya kankama a ɗauki wuƙa a tsaga saman kwaɓin, tsaga mai zurfi. A Irland tsaga biyu ake yi masu gicciye juna. Wasu na cewa albarka ce irin ta addininsu na Kirista, tsofaffi kuma na cewa don aljanun da ke ciki su sami hanyar fita. Amfaninta na zahiri shi ne zafi ya kai tsakiya, burodin kuma ya buɗe ta inda aka so maimakon ya fashe ta gefe. A bokitin inji mai tsawo, tsaga ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ta wadatar.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa shi ne amfani da agogon injin, wanda ake saita shi da dare don a tashi da burodi da safe. Wannan na burodin yis ne. Nono da bikarbonat ba za su kwana tare suna jiran asuba ba, balle a zafin watan Afrilu na ƙasarmu inda nonon kansa zai lalace.

Idan inji ya yi ƙara kada a yarda da shi nan da nan. Bokitinsa zurfi gare shi, burodin Irland kuwa a asali faffaɗa ne marar tsawo, don haka tsakiya kan yi saura. A soka tsinke mai tsabta har ƙasa, idan ya fito da danshi a ƙara minti 10 zuwa 15 a tsarin gashi. Idan bokitin ƙarami ne gara a rage awo tun farko: fulawa giram 350, nono mililita 300, bikarbonat kashi uku cikin huɗu na cokali. Da an juye shi a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, wanda ya gasu ƙarar ganga yake yi. Kada a damu idan samansa bai yi ja ba, haka injin yake, zafinsa daga ƙasa da gefe yake zuwa. A tanderun gida na Turai digiri 230 ake fara ba shi na minti 15, a sauko 200 na wajen rabin awa, shi ya sa nasu ke fitowa da ɓawo mai ƙarfi wanda inji ba ya iya bayarwa. A ɗora shi inda iska za ta shiga ta ƙarƙashi ya huce, mai son ɓawo mai laushi ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta. Kada a yanka da zafi, cikinsa zai cakuɗe.

Fulawar da ke kasuwanninmu galibi ta masu gidan burodi ce, ta fi ta Irland danƙo, don haka a ƙara sassauta hannu. Mun ga ya fi kyau idan aka haɗa ta da garin alkama na gida, irin wanda ake niƙawa da dusarsa don alkaki ko funkaso, rabi da rabi. Hasali ma wannan shi ne burodin da aka fi ci a Irland, mai launin ƙasa, wanda ake ba baƙo tare da miya ko kifi. Garin alkama ya fi shan nono, sai a ƙara kaɗan. Ana kuma iya sa garin masara kashi ɗaya cikin huɗu. Su ma sun yi haka: a lokacin yunwa gwamnatin Ingila, wadda ke mulkinsu a wancan zamani, ta shigo da masara daga Amurka, kuma har bayan yunwar mutane sun ci gaba da haɗa garinta a burodi don fulawa ta yi auki.

To yanzu maganar da ta fi shafar ƴan kasuwa: injin nan ya cancanci kuɗinsa? Ga mai saye, abu na farko shi ne ya juya shi ya karanta abin da aka rubuta a gindi. Wanda aka yi don Turai na bolt 220 zuwa 240 ne, ya dace da wutarmu. Wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, idan aka soka su kai tsaye sun ƙone. Na biyu, a tabbatar muciyar na nan, don ita ce ke fara ɓata a kayan gwanjo kuma samun wata da wuya. Na uku, a duba ko yana da tsarin gashi kaɗai, tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, akasarinsu tsakanin wat 450 ne da 700, wato bai kai dutsen guga ba. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta. Injuna da yawa na iya tuna inda suka tsaya na ƴan mintoci kawai, bayan haka sai a faro daga farko. Burodin yis na iya ɗan jira, na bikarbonat kuwa idan wuta ta tafi a minti 20 na farko ya faɗi ke nan. Ya same mu sau ɗaya, sai da muka kwashe kwaɓin muka ƙarasa shi a kasko.

Don sana'a kuwa, a ganinmu injin ba ya fitar da mai shi. Burodi ɗaya yake yi a awa guda da wani abu, sai kuma a jira ya huce. Burodin kansa ma yana da nasa hali a kasuwa: ba ya kumbura kamar dogon burodin da aka saba, mai saye kuwa da ido yake fara awo, zai ga ƙarami ne alhali ya fi nauyi ya fi riƙe ciki. Kuma tun da ba mai ba sukari, kwana ɗaya yake da daɗi, a na biyu sai an ɗumama shi a kasko. Wadda za ta sayar sai dai ta yanka shi yanka-yanka kusa da mai shayi, ta kuma yi daidai wanda zai ƙare a ranar. Amfaninsa a gida shi ne ranar da burodi ya yanke a unguwa, ko baƙi suka sauka ba shiri: daga tankaɗe zuwa ci bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Ranar da wuta ta ɗauke mana ce ta sa muka gwada hanyar da matan Irland suka bi tun farko, da tukunyar dalma irin ta maƙeranmu. Muka barbaɗa gari a gindinta, muka mulmula kwaɓin ya yi faɗi, kaurinsa kamar yatsu biyu zuwa uku, muka tsaga, muka rufe. Garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi, don dalma ta fi baƙin ƙarfe saurin ƙona gindi. Cikin minti 40 ya gasu, da jan ɓawo a sama wanda inji bai taɓa ba mu ba. A arewacin Irland ma ko tukunya ba sa nema: suna faɗaɗa kwaɓin kamar gurasa, su yanka shi gida huɗu, su gasa a busasshen kasko da wuta kaɗan, kowane gefe wajen minti 10, su ci da ƙwai da safe.

Injin dai an saye shi daga baya. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ɗauka, ta ce burodin yis take so ta riƙa yi ma yara. Ƴar uwarmu ta nuna mata tsarin farko, ta kuma rubuta mata awon na Irland a bayan littafin, tare da lambar tsarin gashi.